Glock 17 ko Beretta 92FS: wacce za ta kai ni shekara ashirin?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhamdu lillahi lasisina ya fito makon jiya bayan na kammala horo, shi ne na zo neman shawarar manya. Fistol ɗaya tak nake son saye, don harbin saiti a filin horo da kuma ajiya a gida, kuma ba na son in sake neman wata nan da shekara ashirin. Zuciyata ta rabu tsakanin Glock 17 da Beretta 92FS, duka masu cin harsashi 9mm. Ba maganar kyau nake yi ba. Wacce ta fi juriya, wacce ba za ta cije mini ba idan ta tsufa?

Baba Ilu: Wa alaikumus salam, Nasiru. Allah Ya sanya alheri. In juriya zalla kake tambaya, ni Glock zan ce maka, kuma ga dalilina. Duk abin da kayan cikinsa suka yi kaɗan, wurin lalacewarsa ma kaɗan ne. Glock 17 gaba ɗayanta ƙarafa da robobi 34 ne, na Beretta kuwa sun kusa ninka haka. Gaston Glock da ya ƙera ta ba maƙerin bindiga ba ne tun asali, sana'arsa sarrafa roba da ƙarfe, shi ya sa bai ɗauko tsohon salo ba. Sojojin Ostiriya suka karɓe ta a 1982. Lokacin mutane da yawa sun raina ta, wai bindigar roba ce ba za ta yi ƙarko ba. Yau shekara arba'in da ɗoriya ke nan, sojojin Ingila ma a 2013 ita suka ɗauka suka ajiye Browning ɗin da suka daɗe da ita. Tawa ta shekara goma sha ɗaya a hannuna. Abin da na taɓa canzawa sifirin ne da kuma idon saiti, don na roba da take zuwa da shi yana gogewa, na sa na ƙarfe.

Malam Habu: Baba Ilu, a gafarce ni, ba zan bari a wuce Beretta haka ba. Nasiru, wannan kamfani tun 1526 yake ƙera bututun bindiga a Italiya. A 1985 sojojin Amurka suka zaɓi samfurin 92F bayan gwaji mai tsanani, suka sa mata suna M9, ta maye gurbin tsohuwar fistol ɗinsu mai suna 1911. Ta yi musu aiki fiye da shekara talatin kafin su koma fistol ɗin kamfanin SIG a 2017. Bindigar da ta yi wannan zama a hannun dubban sojoji ba a kiranta mara juriya. Ka duba marfinta na sama, wato ƙarfen nan da ke ja da baya idan an harba: a buɗe yake, bututun a fili. Kwanso yana samun hanya mai faɗi ya fice, da wuya ka ga ya maƙale. Kuma bututunta ba ya sunkuyawa kamar na Glock, a miƙe yake komawa baya, harsashi na shiga kusan kai tsaye daga magazin, wato gidan harsasai. Ja marfin sau ɗaya da hannunka, za ka ji santsin da nake nufi.

Nasiru: Malam Habu na gode. Amma na ji ana cewa marfin Beretta yana tsagewa ya daki mai harbi a fuska. Gaskiya ne?

Malam Habu: Ya faru, ba zan ɓoye maka ba. A ƙarshen shekarun 1980 an samu wasu kaɗan a hannun sojojin Amurka da marfin ya karye, gutsuren baya ya taso ya ji wa masu harbi rauni. Dalilin da ya sa aka fito da 92FS ke nan. An faɗaɗa kan ƙusar da ke riƙe guduma, wato ƙarfen baya da ke dukan allura idan an ja kunama, aka yanka mata gurbi a ƙarƙashin marfin, ta yadda ko ya karye ba zai iya fita ta baya ba. Wadda kake shirin saye ita ce gyararriyar.

Abin da ya kamata ka sa wa ido a Beretta shi ne sakatar da ke ƙarƙashin bututu, ɗan ƙarfe mai fukafukai biyu da ke kulle bututu da marfi lokacin harbi. Ita ke shan duka, kuma bayan dubban harbi tana iya tsagewa a gindin fiffike. Kamfanin ya sake mata fasali don ta ƙara ƙarfi, duk da haka kayan ci ne kamar birkin mota. Ni duk lokacin da na kwance don wanki sai na kai ta gaban fitila na duba gindin fukafukan nan biyu. Ina da sabuwa ɗaya a ajiye cikin leda.

Baba Ilu: To ka ji, Nasiru. Abin da nake faɗi ke nan. Glock ba ta da wannan sakata da za ka riƙa leƙawa.

Malam Habu: Haka ne Baba, amma ita ma ba daga sama ta faɗo ba. Da samfurin Glock na huɗu (Gen4) ya fito, a 2011 sai da kamfanin ya yi shelar musanya wa mutane sifirin marfi. Kowane ƙarfe da ranarsa.

Hajiya Rabi: Ƙanena Nasiru, bari in sako wani abu da ba a taɓo ba. Hannunka. Ƙotar Beretta tana da kauri, kuma jan kunama na farko, idan guduma na kwance, dogo ne mai nauyi; sai daga harbi na biyu yake yin sauƙi. Ni yatsana ba ya kaiwa yadda ya kamata sai na karkata riƙo, in na karkata kuma saiti ya tafi. Glock jan kunamarta iri ɗaya ne daga harsashi na farko har na sha bakwai da ke cikin magazin. Sai dai ita ma tana da sharaɗi. Ba ta da nauyi, kimanin gram 700 ce, Beretta kuwa ta kusa kilo guda. In ka riƙe mara nauyi da sakakken wuyan hannu, marfin ba ya samun abin dogara ya kai ƙarshen tafiyarsa, sai kwanso ya tsaya a baki. Na ga sababbin masu harbi da yawa suna cewa bindiga ta lalace, malamin horo ya karɓa ya zazzage magazin guda ba ko gargada. Nauyin Beretta yana shanye wani ɓangare na turin, shi ya sa take da daɗin harbi ga wanda hannunsa ya cika ta.

Garba: Ni magazin zan yi magana a kai, don nan na sha wuya. Shekarata ta biyu da fistol ta fara cije mini, kusan kowane zuwa filin harbi. Na wanke, na shafa mai, na canza harsashi, a banza. Har na fara tunanin sayar da ita. Wani dattijo da ke harbi a gefena ya ce in ɗauki alƙalamin fenti in rubuta lamba a gindin kowane magazin, 1 zuwa 6, duk wanda ta cije da shi in rubuta. Zuwa uku kacal na gane lamba 4 da lamba 5 ne, kuma su ne guda biyun da na saya da araha daga wani kamfani da ba shi ya ƙera bindigar ba. Da na dube su da kyau, leɓen sama ya ɗan buɗe, harsashi na tsayawa a karkace. Na jefar da su, tun daga ranar shiru. Araha ba ta ado. Ko ƙorafin da sojojin Amurka suka yi da M9 a Iraƙi, mai yawa daga cikinsa a kan magazin ne, waɗanda aka yi wa wani shafi mai kaushi da ke riƙe rairayi a ciki.

Nasiru: Yaya Garba wannan dabarar lamba na ɗauke ta yau. Batun mai fa? Wasu sun ce Glock ko ba a shafa mata mai tana aiki.

Baba Ilu: Kada ka biye wa masu wannan magana, amma kada ka yi irin kuskurena. Farkon sayena na ɗauka yawan mai shi ne kulawa, na riƙa ɗiga shi ko'ina har cikin ramin allurar da ke dukan harsashi. Man ya haɗu da toka da ƙura ya zama kamar kwalta. Wata rana na ja kunama na ji ƙas, babu tashi. Da na fitar da harsashin, ɗan tabo ne kawai a gindinsa, allurar ba ta daka da ƙarfi ba. Mai gyara ya buɗe ya nuna mini baƙin danƙon a kan tsinken auduga. Littafin da ke zuwa da ita ya faɗa ƙarara a bar ramin nan a bushe, ni ne ban karanta ba. Ɗigo kaɗan take so, a kan layukan da marfi ke bi da jikin bututu.

Malam Habu: Beretta kuma akasin haka. Gangar jikinta alminiyam ce, marfin ƙarfe na gudu a kanta, don haka tana son layukan nan su kasance da danshin mai kullum. In ka bar ta a bushe za ta ci kanta a hankali. Kuma kada ka yi wasa da sifirin marfi. Idan ya saki, marfin na dukan jiki da ƙarfi fiye da kima, a nan ne sakata da gangar jiki ke wahala. Ni ina da ɗan littafi da nake rubuta adadin harbi, duk 5,000 nake sa sabo, ko da tsohon bai nuna gajiya ba.

Hajiya Rabi: Akwai abu ɗaya da ba zan yi shiru a kansa ba, tunda sabon hannu ne. Kafin a kwance Glock dole sai an ja kunama. Mutane sun ji wa kansu rauni a daidai wannan wuri, sun cire magazin sun manta akwai ɗaya a bututu. Cire magazin tukuna, ja marfi baya, duba da ido, sa ɗan yatsa ka taɓa, ka maimaita, bakin bindiga na kallon inda ba kowa. Harsasai ma kada su kasance a ɗakin da kake wanki. Beretta maɓalli ake dannawa a juya ɗan hannu, marfi ya zame, ba ruwanka da kunama. Kuma Glock ba ta da makullin tsaro na waje da ake turawa da babban yatsa, tsaronta uku duk a ciki suke, suna sakin kansu idan aka ja kunama. Wannan yana buƙatar tarbiyyar yatsa sosai.

Garba: A ƙara da wurin ajiya. Akwatin ƙarfe mai makulli, inda yara ba za su kai ba. Kada ka bar ta cikin kube na fata wata da watanni, fata na riƙe danshi, tsatsa za ta kama marfin ko da jikin na roba ne.

Nasiru: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Yadda na fahimta, duka biyun za su kai ni inda nake so in na riƙe su da kyau, sai dai Beretta ta fi son a riƙa dubawa, ni kuma na san aikina ba ya ba ni lokaci sosai. Hankalina ya fi karkata ga Glock. Amma maganar Hajiya ta kwancewa ta tsaya mini a rai.

Baba Ilu: Ta tsaya maka ɗin shi ne daidai, ɗana. Kada ka biya kuɗi tukuna. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In filin da kake zuwa suna ba da haya, karɓi kowacce ka harba harsashi 100 a rana ɗaya, da malaminka a gefe, ka sa ya nuna maka kwance kowacce da ɗaurawa har sai ka yi da hannunka sau uku. Ka kuma tambaya wacce ce ake samun sifirinta da magazin na asali cikin sauƙi a inda kake, don bindigar da ba ka samun kayan gyaranta ta zama ƙarfen ajiya.

Nasiru: In sha Allahu ranar Asabar zan je. Malam Habu, in na ɗauki Beretta ɗin haya, ta ina zan gane sakatarta ta fara gajiya?

Malam Habu: Ka roƙi malamin ya cire bututun ya juya maka shi. Goge gindin fukafukan biyu da tsumma, kai su gaban haske. In ka ga siririn layi kamar gashi a lungun, ka mayar musu ka ce su ba ka wata.