Hannun jama'a, sunan mutum ɗaya?

Mai Allura: Jama'a, abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Gidajen baje kolin fasaha sun ɗauko salon shimfiɗa ƙaton ƙyalle, a miƙa wa duk wanda ya shigo allura da zare ya ɗinka guntun atamfa a kai, a ce ana tuna ta'asar mulkin mallaka. Ku dubi aikin Ibrahim Mahama, mai fasaha ɗan Ghana, da ya lulluɓe ginin Barbican a Landan a 2024. Ƙyalle kusan murabba'in mita 2,000, ɗaruruwan masaƙa da maɗinka na Tamale a arewacin Ghana suka yi shi da hannu, amma sunan mutum ɗaya duniya ta riƙe. Kayan gargajiyar Afirka, gumin talaka, yabo na wani.

Ɗan Masaƙa: Hajiya, kin gwama abu biyu. Na Barbican saƙar hannu ce, siraran ƙwarya aka harhaɗa, aka liƙa tsofaffin riguna batakari wajen 100. Atamfa kuwa ba ta gargajiya ba ce. Kwaikwayon rinin batik na tsibirin Java ne da Turawan Holan suka mayar na inji. Kamfanin atamfa na Vlisco da ke garin Helmond a Holan tun 1846 yake.

Uwar Ɗinki: Malam, abin da iyaye da kakanni suka ɗaura fiye da shekara 100, suka raɗa wa zanensa sunaye, ka ce ba gargajiya ba? Matan kasuwar Afirka ta Yamma ne suka riƙa zaɓen launi da zane, masana'anta na bi.

Ɗan Masaƙa: Mai saye daban, mai yi daban, Yaya. Dalilin da ya sa Yinka Shonibare, mai fasaha ɗan Birtaniya ɗan asalin Najeriya, ya yi filafilan jirgin ruwansa na cikin kwalba da atamfa ke nan a dandalin Trafalgar na Landan a 2010: ƙyallen da ake ɗauka na Afirka, alhali hanyarsa ta ratsa Indonesiya da Turai.

Baba Marini: Ai sojojin da Holan ta ɗiba daga Elmina a Ghana ta yau zuwa Java tsakanin 1831 da 1872 ne suka dawo da batik gida.

Ɗan Masaƙa: An ɗibi sojojin, Baba, wannan gaskiya ne. Cewa su suka kafa kasuwar, ina hujja? 'Yan kasuwar Turai ne suka turo ta da yawa a ƙarshen ƙarni na 19.

Baba Marini: Yaro, ka san takarda, ba ka san rini ba. Atamfa ta gaske da danƙo ake buga ta fuska biyu da abin naɗi na tagulla, a tsoma a baba, a farfasa danƙon, shi ke ba da jijiyoyin nan da ɗige-ɗige. Ta bogi fuska ɗaya ce, juya bayanta ka ga fari-fari. Cikin abin da ake ba baƙi su ɗinka a wuraren nan akwai na bogi.

Uwar Ɗinki: Baba, bogi ko gaske, ba nan aikin ke lalacewa ba. Ba a wanke guntayen kafin a raba, sai sitaci ya fita daga baya, wani ya tsuke wani bai tsuke ba, ƙyallen ya tattare. A wanke, a goge, a yanka santimita 15 kowane gefe, a bar santimita 1 na kalmasa. A sa akoko mai kauri a baya. Zaren da za a ba baƙo kada ya wuce kamu biyu, in ya fi haka ƙullewa yake. In za a rataye, a ɗinka aljihu a sama a zura sanda, don ƙusa ko igiya a kusurwa nauyi ke yaga ta. Kuma a nesanta shi da taga, rana na koɗar da ja da wuri.

Mai Allura: Ni fa maganar suna na kawo.

Ɗan Masaƙa: Mahama ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, jama'a na shiga. Bari in tattara: an yarda atamfa ba ta gargajiya ba ce, labarin sojoji bai tsaya da ƙafarsa ba, ƙorafin Hajiya kuma ya faɗi tunda ta gwama saƙa da atamfa.

Uwar Ɗinki: Wa ya yarda, Malam? Kai kaɗai ka yarda. Hajiya, a ajiye littafi kusa da ƙyallen, a ba kowane gunta lamba, mai ɗinki ya rubuta sunansa a gaban lambar, a kuma ɗinka lambar a bayan guntun da baƙin zare kafin a sa akoko.