Kastoma ta kira ni macuciya a ƙarƙashin hoton kayana, in goge ko in ba ta amsa?

Mai Leshi Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema don raina a ɓace yake. Atamfa da leshi nake sayarwa, daga Kantin Kwari nake saro su in ɗora a Facebook da Instagram. Wata baiwar Allah a Kaduna ta yi odar leshi ruwan toka, ta turo kuɗi, na kai tashar motar Kwangila a nan Zariya na ba direba, kaya ya isa lafiya. Jiya da daddare kawai sai na ga ta rubuta a ƙarƙashin hoton wai abin da ta gani daban, abin da aka kai mata daban, ni macuciya ce kar wanda ya ƙara saye a wurina. Wallahi ko kirana ba ta yi ba, kuma har mutum biyu da muka gama ciniki sun yi shiru. In goge in yi bulokin ɗinta ne ko yaya?

Na PZ mai kayan waya:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki goge. Wadda ta iya rubuta wannan ta riga ta ɗauki hotonsa a wayarta, kina gogewa za ta sa a status ta ce kun gani ko, ta goge don ba ta da gaskiya. Ni a Jumia ma nake sa kaya, can tauraro ake bayarwa daga 1 zuwa 5 kuma mai kaya ba shi da ikon cire wanda bai masa daɗi ba, dole ka koyi zama da shi. Amsar da za ki rubuta ba don ita ba ce, don masu leƙowa ne su karanta su yi shiru su yanke hukunci. Layi biyu ya isa: ki yi haƙuri Hajiya, na kira ban samu ba, ki turo hoton abin da ya iso, in ba shi ba ne a canza miki ko a maido kuɗinki. Sauran magana ku yi ta a waya. Kuma ba yau da zafin ran nan ba, ki bari ki kwana.

Anti mai turare, Samaru:
Ƙanwata kafin komai ki ɗauko ragowar leshin ki fita tsakar gida da hantsi ki ajiye shi kusa da hoton da kika ɗora ki duba da idonki. Ruwan toka mugun launi ne a kyamara, in a ɗaki kika ɗauka da farin ƙwai sai ya fito kamar yana da shuɗi-shuɗi, wayar ma da kanta tana ƙara wa hoto haske ba tare da kin sa ta ba, ga shi kuma allon wayarki da nata ba ɗaya ba ne. To in matar nan anko za ta fita da shi, ta buɗe leda ta ga bai shiga da na ƙawayenta ba, ai dole ta yi ihu, ba na ce ta kyauta ba amma na gane ta. Ni yanzu ko kwalbar humra ba na ba direba sai na yi bidiyo a hasken rana, ina juya kayan, ina naɗewa, na tura wa mai shi ta ce eh shi ne. Wannan “eh shi ne” ɗin nake ajiyewa, ranar rigima shi ne shaidata. Kuma ki daina ɗora hoton da dila ya turo miki, nasu an gyara shi ya fi kayan kyau.

Ɗan Sabon Gari:
Ku dai kuna da sanyi. Wasu fa ba kastomomi ba ne, 'yan hassada ne masu irin sana'arki, wasu kuma so suke a bar musu kaya a maido musu kuɗi. Ki ce mata ta cire ko ki kai ta ofishin 'yan sanda, ɓata suna ne wannan.

Ɗalibar lauya, Kongo:
Malam wannan ta biya kuɗi ta karɓi kaya, kastoma ce ta gaske. Maganar 'yan sanda kuma a yi hattara. A 2023 wata mata ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya yi zaƙi da yawa, aka kama ta aka tafi da ita Abuja, to me ya biyo baya? Mutanen da ba su taɓa ganin rubutun ba suka ji labari, aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Babban kamfani ke nan, ina ga mai leshi a Tudun Wada. Sannan dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye damar maido kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa in bai yi daidai da yadda aka siffanta shi ba. Rubuta “ba a maido kaya” a shafi ba ya soke wannan.

Mai Leshi Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti na fita da shi rana kamar yadda kika ce, ya fi na hoton duhu kaɗan. Na ba ta amsa a wurin, na sake kira ta ɗauka, ashe kuwa anko ne, bikin ranar Asabar. Ta yarda a canza amma ba ta ce komai ba kan cire rubutun, ni ma ban roƙa ba. Yanzu kuɗin motar dawo da shi daga Kaduna, ni zan biya duka ko rabawa ake yi?