Neman kalma: me za mu kira allurar Ipo da Hausa?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kalma na zo nema, don wadda na yi amfani da ita saura ƙiris ta jawo mana ɓarna a gida.

Kawuna yana wankin ƙoda a nan Kumasi. Ni ke kai shi, ni ne kuma tafintansa, domin yaren Twi na kasuwa yana jin sa sarai, amma maganar ciwo da Hausa yake so ta shiga kunnensa. Wata biyar da suka wuce aka auna jininsa, takarda ta nuna 7.6, wato jini ya yi ƙasa sosai. Ko ba takarda ma ido ya isa: ka janye fatar idonsa ta ƙasa ka ga fari fat, tafin hannu ya koɗe, daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Likita ya rubuta wata allura, ya ce sunanta erythropoietin, nas-nas kuma Ipo suke ce mata. Kawu ya juyo ya dube ni. Ni kuwa ban tsaya tunani ba na ce, "Kawu, allurar ƙarin jini ce."

Allura ta karɓe shi, alhamdulillahi. Mako uku na farko shiru, kamar ruwa ake tsira masa. Daga baya sai ga shi yana zuwa masallaci ba dafa bango, har yana cewa a ƙaro tuwo. Ranar da awo ya kai 11.7 likita ya ce a rage allurar. Da na kawo labari gida, Inna matar Kawu ta ajiye muciya ta ce, "Jini ya fara zuwa shi ne za a tare masa hanya? Wa ya taɓa ƙoshi da jini?" Ta kwance bakin zani ta miƙo mini kuɗi in sayo a kemis, wai akwai yaron maƙwabta da ya iya allura. A nan ne ma na gano ta yi mako biyu da daina ba shi ƙwayar sinadarin ƙarfe. Ai ana masa ƙarin jini, in ji ta, na mene ne haɗiyar abin da ke sa bayan gida ya yi baƙi?

Ban ga laifinta ba, abin da na faɗa ta bi. To me ya kamata in ce?

Hajiya mai koko, Sawaba:
Ɗana, Allah ya ba Kawunka lafiya. Mu dai "allurar jini" muke cewa, kowa ya gane. Lokacin da na haifi autana aka ce jinina ya yi ƙasa, lemun malt da madara na sha, da miyar kontomire, da tumatirin gwangwani da wata ta koya mini. Har yau ga ni. In allura ce ke yin aikin yanzu, sai a ce allurar jini a huta.

Nas 'yar Asawase:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa miki. Sunan nan shi ne ciwon kaina a wurin aiki. In mutum ya ce mini "ƙarin jini", abu uku ne ke faɗo mini: ledar jinin da ake ratayawa, da ruwan kwalbar da ake sha da cokali, da wannan allura. Ukun nan kuwa ba abin da ya haɗa aikinsu.

Ƙanena na Aboabo, abin da za ka fara gaya wa Inna shi ne babu jini a cikin kwalbar allurar nan, ko ɗigo. Ruwa ne garau. Jajayen ƙwayoyin jini a cikin ɓargo ake yin su, kowace ta yi kamar kwana 120 ta mutu, wata ta maye gurbinta. Ƙoda ce mai sa ido. In ta ji iskar da jini ke kawo mata ta ragu, sai ta saki wani sinadari ya bi jini ya je ya tashi ɓargo aiki. Wanda ƙodarsa ta lalace, ɓargonsa na iya zama lafiya lau, amma mai tashinsa ya yi shiru. Allurar kwaikwayon wannan sinadari ce. Shi ya sa kuka ga mako uku ba labari, don tana ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin awo ya motsa. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba za ta jira wannan ba, leda za a rataya mata. Mai ciki da ƙarfe ya yi wa ƙaranci, ko yaron da zazzaɓin sauro ya cinye wa jini, su ma maganinsu daban.

Amfaninta ba ƙarami ba ne. Duk wanda aka taɓa ce wa ya je ya nemo 'yan uwa su ba da jini ya san abin da nake nufi. Tana rage yawan ledar da za a sa wa mai ciwon ƙoda, ledar kuwa in ta yi yawa jiki kan ƙera garkuwar da za ta wahalar da dashen ƙoda nan gaba.

Amma maganar Inna ta "wa ya taɓa ƙoshi da jini", likitoci ma sun taɓa yin wannan tunani, har suka gwada. A 2006 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan masu ciwon ƙoda 1,432: wasu aka nufi kai su 13.5, wasu 11.3. Waɗanda aka tura sama su suka fi samun matsalar zuciya da mutuwa, aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. A 2009 wani ya biyo baya, na mutum fiye da 4,000 masu ciwon suga da na ƙoda: cikin waɗanda aka nufi kai su 13 da allura, 101 suka samu shanyewar ɓarin jiki, a ɓangaren da ba a tura sama ba kuwa 53. Tun 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi mafi tsanani a takardar maganin. Hawan jini yakan tashi, jini yakan yi gudaji, har hanyar da aka yi wa mutum a hannu don wankin ƙoda takan toshe. Don haka ba a neman kai mai ciwo awon lafiyayye. Akan fara in ya faɗi ƙasa da 10, in ya haura 11 zuwa 11.5 a ja baya. Likitanku daidai ya yi.

Ni dai sharaɗina ɗaya: kowane suna za ku sa, kada kalmar "ƙari" ta shiga ciki.

Ɗalibin haɗa magunguna, Ayigya:
Anti Nas ta gama magana. Ni asalin kalmar zan kawo. Daga Girkanci take, gaɓar farko "ja", ta biyu "yi" ko "ƙera". Mai ƙera ja ke nan. Sai in ce "allurar ƙera jini". Shi kuma sinadarin, tunda aike yake kaiwa daga ƙoda zuwa ɓargo, me zai hana "manzon ƙoda"?

Wani abu da ya ba ni mamaki a aji: tun 1906 wasu Faransawa biyu, Carnot da Deflandre, suka yi hasashen akwai shi, amma sai 1977 Eugene Goldwasser da abokan aikinsa suka tace shi a Amurka, daga fitsarin marasa lafiya fiye da lita 2,500 da aka tara a Japan. A 1989 aka amince da allurar farko a Amurka.

Malam na Sabon Zongo:
Yaro, Allah ya yi maka albarka, amma ka bar "manzo" inda yake. Kunnen Musulmi ba zai ji daɗin a jingina shi ga ƙoda ba. Muna da "ɗan aike", ya wadatar: ɗan aiken ƙoda. Sannan ka ambaci fitsari. Wanda ake tsira wa mutane yau daga nan yake? Tambayar da za a yi mini ke nan bayan sallar Asuba.

"Ƙera jini" ma bai zauna mini ba. Maƙeri shi ke yin abu da hannunsa, 'yata Nas kuwa ta ce ɓargo ne mai yi, allura tashinsa kawai take yi. Da nake karanta bayaninta, dawakin sarakunan Zongo na ranar Sallah suka faɗo mini, da ɗan ƙarfen nan da mahayi ke ɗaurawa a dunduniya. Ƙaimi. Ƙaimi ba ya zuba wa doki ƙarfi, wanda ke jikinsa yake fito da shi. Dokin da bai ci hatsi ba, ko ka huda masa ciki ba zai yi sukuwa ba, ga maganar ƙwayar ƙarfen da Innarku ta ajiye. Wanda kuma ya matsa ƙaimi ya saki linzami, shi da dokin duka suna ƙasa. Sai na ce "allurar ƙaimin ɓargo".

Ɗalibin haɗa magunguna, Ayigya:
Na janye manzo, Malam, a gafarce ni. Ba daga fitsari take ba. Wancan na bincike ne. Ta yanzu ƙwayoyin halitta ake reno a masana'antar magani, su suke samar da ita.

Ɗan Nima:
Ku mutanen Kumasi da son dogon suna! Malam, da girmanka, amma ka manta yadda muke magana a ƙasar nan. Wa ke furta ɓ a Nima ko a Aboabo? "Bargo" za a ce. Wayoyinmu ma yawanci ba su da harafin. Ka rubuta wa tsohuwa "allurar kaimin bargo", ta ɗauka abin rufa ake nufi, ta ce ita ba sanyi take ji ba. Mun ari asibiti, mun ari likita, mun ari insulin ba wanda ya mutu. A ce Ipo kawai.

Ni a labarin wasanni na fara jin sunan. A tseren keken Faransa na 1998 aka kama motar wata ƙungiya maƙare da ita. Ɗan tseren keke Lance Armstrong kuma an ƙwace kambunansa bakwai a 2012, ya fito ya amsa da bakinsa a 2013 cewa ya yi amfani da ita. To ƙaimin dai ya dace da su, wannan na yarda.

Nas 'yar Asawase:
Yayana na Nima, maganar bargo ta sa ni dariya ni kaɗai a cikin motar trotro. Amma Ipo suna ne da ba ya ce wa Inna komai. Ranar da ta tambaya mece ce Ipo, wani zai sake ce mata "ƙarin jini", mu koma gidan jiya. A takardar likita a bar Ipo, don kada a yi kuskure wurin saye. A baki kuwa ina bayan Malam, sai dai a yar da ɓargon a ce "allurar ƙaimi". In an nemi bayani, a ce ƙaimin ɓargon ƙashi, kalmar ƙashi ta raba gardama da abin rufa.

Abin da ya fi burge ni da sunan shi ne ya bar wa hatsari wuri. Masu ciwon daji da maganin asibiti ya rage wa jini, su ma akan yi musu ita, amma da taka-tsantsan ƙwarai, don an ga a wasu ciwon ya ƙara gudu. Ka ce wa mai irin wannan ciwo "ƙarin jini", zai roƙe ka ka yi masa. Ka ce masa ƙaimi, zai tambaye ka wa za a zabura. Wanda hawan jininsa bai kwanta ba kuwa, ba a fara masa sai an shawo kansa.

Ƙanena, tunda kai ke ɗauko ta: a firji take zama, ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, ba a wurin ƙanƙara ba, kuma ba a girgiza kwalbar. In dumso, wato ɗauke wuta, ya daɗe ka sa ta cikin akwatin sanyi tare da ƙanƙara naɗe cikin tsumma, kada ta taɓa kwalbar kai tsaye. Yaron maƙwabcin nan kuma a ba shi haƙuri.

Hajiya mai koko, Sawaba:
To na ji. Ni ma kokona in ya yi kauri da yawa ba ya bin ludayi. Allurar ƙaimi ɗin ce.

Ɗan Aboabo:
Na gode iyayena. Jiya bayan Isha'i na zauna da su a tsakar gida na gwada. Na ce, "Inna, kuskure na yi. Ba jini ake zuba wa Kawu ba, allurar ƙaimi ce, ɓargon ƙashinsa ake zabura." Na kawo mata maganar doki da hatsi da linzami yadda Malam ya faɗa. Ta yi shiru, ta tashi ta shiga ɗaki, sai ga ta da kwalin ƙwayar ƙarfen da ta ɓoye a bayan kwanukan jerenta. Ta ɓallo ɗaya ta miƙa wa Kawu da kofin ruwa, ta ce, "Ungo hatsinka."

Kawu ya karɓa ya haɗiye, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wato ni ne dokin ke nan?" Ranar Alhamis za mu koma awo. Anti Nas, zan turo miki abin da takarda ta nuna.