Tambaya: a daidaita kayan yaƙi a gasar Albion da muke shiryawa a Gombe, ko kowa ya shigo da abin da ya tara?

Ɗan Tumfure ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da tambayar da ta raba kan ƙungiyarmu, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga mu daɗewa a wannan harka.

Mu matasa ne a nan Gombe da muke buga Albion Online, wasan yaƙi da fatauci na intanet, yawancinmu a waya, kaɗan daga cikinmu a kwamfuta. Tun da aka buɗe sabar Turai a 2024 muka koma can, saboda layinmu ya fi kama ta fiye da ta Amurka. Yanzu mun yanke shawarar shirya gasar gwabzawa ta mutum ɗaya da ɗaya a tsakaninmu bayan sallah, kuma wani babban yayanmu ya ɗauki nauyin kyautar wanda ya zo na ɗaya. Komai ya tafi daidai har aka zo kan dokar kayan da za a shiga fili da su, a nan ne magana ta ƙi ƙarewa.

Wasu sun ce kowa ya sa kaya masu daraja ɗaya, misali mataki na 4.1, wato kayan mataki na 4 masu ƙarin sihiri ɗaya, domin a ga wanda ya fi iya wasa. Wasu kuma, musamman waɗanda suka daɗe suna sarar itace da haƙar ma'adinai da fatauci tsakanin birane har suka mallaki kayan mataki na 8, sun ce a irin wannan wasa kayan mutum guminsa ne, kuma hana shi sa su tauye masa haƙƙi ne. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga masu son a daidaita, saboda abin da na gani da idona a wani gwaji da muka yi. Wani ƙaninmu ɗalibi ya kauce wa kusan duk saran abokin karawarsa, ya yi amfani da gudun takalminsa a daidai lokacin da ya dace, duk bugun da ya kai ya sauka, amma jinin wancan bai ragu da ko rabi ba, shi kuwa da aka same shi sau biyu sai ya faɗi. Duk wanda yake wurin ya san wanda ya fi iya wasa, amma ba shi ne ya ci ba.

Ina so in san yadda sauran wasanni suka yi da wannan matsala, kuma ko gaskiya ne cewa daidaita kaya yana kashe armashin wasan kamar yadda 'yan'uwanmu suke faɗa.

Malam na Bolari ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan gardama da kuke yi ta girme wa Albion ɗin kanta, domin kamfanin Blizzard ya shafe shekaru yana kai da komowa a kanta a World of Warcraft, wanda ya fito tun 2004, kuma abin da ya faru a can zai amfane ku.

A 2007, da aka fito da The Burning Crusade, wani sabon babi na wasan, aka buɗe filin gasa na ƙananan ƙungiyoyi, aka kuma ƙirƙiro wani ma'auni na musamman a jikin kayan gwabzawa wanda yake rage illar bugun da ake yi maka. Manufar ita ce a raba kayan yaƙi da dodanni da kayan yaƙi da mutane. Sai dai hakan ya haifar da wata matsalar, domin sabon shiga wanda bai tara irin waɗannan kaya ba sai ya sha kashi na tsawon makonni kafin ya tara makin da zai saye su, wato sai an doke ka sosai kafin a ba ka abin da za ka kare kanka da shi. Mutane da yawa sun bar fagen tun kafin su kai ga wannan matsayi.

A 2016, da aka fito da wani sabon babin mai suna Legion, kamfanin ya juya gaba ɗaya. Da zarar ka shiga filin gasa sai a ajiye ma'aunan da ke jikin kayanka, a ba ka wani tsari da aka riga aka rubuta wa irin jaruminka. Darajar kayanka ba ta ƙara maka komai sai ɗan kaɗan, ta yadda wanda kayansa suka fi naka da maki 25 ya fi ka ƙarfi da kashi 2.5 cikin 100 kacal. A takarda wannan shi ne adalcin da kake nema. Amma 'yan wasa da yawa ba su ji daɗinsa ba, kuma dalilinsu ya cancanci a saurara. Ba rasa fifiko kaɗai ya dame su ba, abin da ya fi ci musu rai shi ne an ƙwace musu zaɓi. Wanda yake son jarumi mai saurin bugu da wanda yake son mai nauyin bugu duk an mayar da su abu ɗaya, babu wanda zai zauna ya yi tunani ya haɗa kayansa yadda ya dace da hannunsa. A 2018 aka soke wannan tsari, daga baya kuma aka dawo da masu sayar da kayan gwabzawa, aka koma kan kayan da darajarsu take hawa idan an shiga fili.

Guild Wars 2 kuwa, tun fitowarsa a 2012, ya bi wata hanya wadda a ganina ta fi hikima. A filin gasarsa kowa ana ɗaga shi zuwa mataki na 80, ƙarfin kowa ɗaya ne, amma kai za ka zaɓi layar da za ta tsara maka ma'aunanka da makaminka da dabarunka. A babban yaƙin da ake yi tsakanin rundunoni kuma, kowa da kayansa na gaske yake zuwa. Final Fantasy XIV ma ya cire tasirin kaya daga gwabzawa tun 2017.

Saboda haka shawarata ita ce ku daidaita ƙarfi, amma kada ku taɓa zaɓi. Ku sa iyaka ɗaya ga kowa, sannan ku bar mutum ya ɗauki takobi ko baka ko sandar tsafi, ya haɗa sulken fata da kwalkwalin ƙarfe idan ya ga dama. Masu cewa daidaitawa tana kashe armashi suna da gaskiya ne kawai idan an ce kowa ya sa kaya iri ɗaya sak.

Maƙerin Martlock (wani birni a cikin Albion), daga Yelwa a Bauchi, ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja a kan wani ɓangare. Duk wasannin da ka ambata suna da abu ɗaya da Albion ba ta da shi, wato a cikinsu idan ka mallaki kaya sun zama naka har abada. A Albion ba haka ba ne. A jan yanki da baƙin yanki, wato yankunan wasan masu haɗari, idan aka kashe ka, duk abin da ke jikinka ya zube ƙasa, wani ɓangare ya lalace, sauran kuma wanda ya kashe ka ya kwashe. Kusan duk makami da sulken da ke cikin wasan 'yan wasa ne suke ƙera su, kuma wannan asarar ce take sa mu maƙera muke samun ciniki. Ma'ana, wasan yana da nasa ma'aunin adalci tun asali, kuma ma'aunin shi ne kasada. Wanda ya fito da kayan 8.3 ya fi ƙarfi, haka ne, amma ya ɗora dukiya mai yawa a kan layin intanet ɗinsa, kuma mutum uku masu arahar kaya suna iya tare shi su raba shi da ita. Wanda ya fito da 4.1 idan ya faɗi, sai ya koma kasuwa ya sayi wani saitin ba tare da ya ji a jikinsa ba.

To a nan ne nake ganin abokanka masu manyan kaya ba su yi maka bayani duka ba, ɗan'uwa Ɗan Tumfure. Idan gasarku ta ƙalubalen sada zumunci ce, irin wadda ake yi a cikin gari ko a tsibiri ba tare da an rasa komai ba, to mai kayan mataki na 8 yana son ya ci ribar ƙarfinsu ne ba tare da ya biya kuɗin kasadarsu ba. Wannan ba tsarin Albion ba ne. Ko dai a daidaita, ko kuma a yi ta da gaske inda wanda ya faɗi zai rasa kayansa, sai mu ga mutum nawa ne za su fito da 8.3. Ni na fi son ta biyun, domin ita ce ruhin wasan.

Idan kuma kun zaɓi daidaitawa, kada ku rubuta dokarku da sunan mataki, ku rubuta ta da adadin ƙarfin kaya. Kayan mataki na 4 suna farawa ne da maki 700, kowane mataki yana ƙara 100, kowane ƙarin sihiri ma yana ƙara 100, shi ya sa 4.1 da 5.0 duk 800 ne, 4.3 kuma daidai yake da 7.0. Bayan wannan akwai ingancin ƙira, akwai kuma ƙwarewar da mutum ya tara a allon ci gabansa, wadda take ƙara wa makamin da ya saba da shi maki masu yawa. Mutum biyu za su iya riƙe takobi iri ɗaya na 4.1, amma na tsohon ɗan wasa ya fi na sabo nesa ba kusa ba. Alƙalin gasa ya duba kowane ɗan wasa kafin a fara, tunda wasan yana nuna matsakaicin ƙarfin kayan mutum idan an bincika shi. Kamfanin Sandbox Interactive, mai wasan Albion, da kansa yana yin makamancin haka a filin gasa na biyar da biyar da kuma kogunan gwabzawar mutum ɗaya da ɗaya, inda yake sa rufi, abin da ya haura rufin kuma wani kaso nasa kaɗai ake ƙirgawa.

'Yar Jekadafari ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ina so in taɓa maganar gumi da aka yi ta maimaitawa, domin ba ta cika ba. A Albion ana sayen zinariya da kuɗin gaske, a canza ta zuwa azurfa a cikin wasan, a shiga kasuwa a sayi duk kayan da ake so. Ba laifi ba ne, kamfanin ne ya tsara haka, amma yana nufin idan ka ga mutum da manyan kaya ba za ka iya sanin ko dare ya raba yana tarawa ko katin banki ya ciro ba. A halin da ake ciki, inda ɗalibi yake lissafin kuɗin data kafin ya buɗe wasan, gasar da ta bar ƙofar nan a buɗe ta zama gasar aljihu. Ko a dara, ai kowa da 'ya'yansa 12 yake zama, ba a ƙara wa wani don ya fi daɗewa a gindin bishiyar.

Sannan akwai rashin daidaiton da ba a jikin jarumi yake ba. Mai kwamfuta da linzami yana saita bugunsa fiye da mai danna gilashin waya da babban yatsa, musamman a makaman da sai an auna inda za su sauka. Wanda layinsa yake tsalle kuma, zai danna kaucewa amma sai bugun ya riga ya same shi kafin saƙon ya isa sabar. Na sha ganin jarumina ya tsaya cak na daƙiƙa biyu, in dawo in tarar an gama da ni. Idan kuna son sakamakon da kowa zai yarda da shi, ku taru a wuri ɗaya mai tsayayyar wuta, kowa ya hau layi ɗaya, kuma ku raba rukunin waya da na kwamfuta. Ku sayi kayan daga asusun ƙungiya ku zuba a akwati, domin kada a ce wani bai shiga ba saboda rashin azurfa. Kada ku manta da abinci da magungunan sha da alkyabba, su ma a sa musu iyaka, a kuma hana cajin da ake yi wa kaya don ƙarfinsu ya hau na ɗan lokaci.

Malam na Bolari ya sake amsawa:

Maƙeri, bayaninka a kan ƙirga maki maimakon mataki ya fi nawa amfani ga waɗannan yara, kuma na goyi bayansa. Inda ban bi ka ba shi ne a yi gasar da asarar kaya. A baƙin yanki baƙo ne yake kwashe maka kaya, gobe ba za ka gan shi ba. A nan kuwa wanda zai kwashe kayanka maƙwabcinka ne da za ku haɗu a masallaci da asuba, kuma ƙaramin da ya rasa abin da ya daɗe yana tarawa a gaban abokansa zai yi wuya ya dawo gasa ta biyu. Masu son kasada ai baƙin yanki yana nan a buɗe kullum.

Ɗan Tumfure ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da zan kai wa 'yan ƙungiya shi ne a sa rufin maki ɗaya ga kowa wanda alƙali zai duba kafin kowace karawa, kowa ya zaɓi makaminsa da sulkensa, kaya su fito daga akwatin ƙungiya, a kuma raba waya da kwamfuta kamar yadda Yaya ta Jekadafari ta ce. Domin kada masu manyan kaya su ji an yi watsi da su, zan ba da shawarar a ware musu karawa ta musamman a ƙarshen rana wadda babu iyaka a cikinta, duk wanda ya ga zai iya ya shiga.

Saura abu ɗaya da nake so Maƙeri ya taimaka mini da shi. Ko da maki sun zo ɗaya, akwai makaman da suke cin wasu a karawar mutum ɗaya da ɗaya, har wani ya ga abin da ka riƙe ya koma akwati ya ɗauko maganinsa. Shin ya fi kyau kowa ya rubuta saitinsa a takarda ya miƙa wa alƙali kafin a fitar da jadawali, ya kuma tsaya a kansa har ƙarshen gasa, ko a bar wanda aka ci a zagayen farko ya canza makami kafin zagaye na biyu?