DJ ya sa kle (USB) ya tsaya yana murɗe-murɗe, cuta ce ko haka sana'ar take?

Dan_Birni:
Salamu alaikum jama'a. Daren asabar mun je bikin abokinmu a Garin Malam, an ɗauko DJ da sono, jikka 40 aka ba shi. Ni ina bayanshi ina cajin waya sai na ga yana ta murɗa maɓallai yana kaɗa kai kamar mai tuƙa tirela, amma waƙa na canzawa ko da hannunshi na riƙe da kofin shayi. Can kuran ya ɗauke, aka tada grup, wallahi sai kiɗan ya dawo tun daga farko, waƙar da muka ji ƙarfe 9 ita muka sake ji ƙarfe 11. Ashe fayil guda ne mai tsawo ya haɗo tun daga gida. A fada an ce min wai har manyan DJ na turai haka suke yi, gaskiya ne?

Mai_Sono:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Sana'ata ce don haka bari in faɗa maka. Akwai wani DJ ɗan Kanada, deadmau5, wanda ke sa ƙaton kan ɓera in zai hau dandali, a 2012 ya rubuta a shafinshi na intanet na Tumblr cewa dukkansu danna play suke yi, aka yi ta caccakarshi. Amma su suna da hujja, a wuri irin Tomorrowland, babban bikin kiɗa na Beljiyam, fitilu da bidiyon manyan allo da wasan wuta sau da yawa an ɗaure su da kiɗan ne daƙiƙa bayan daƙiƙa, in DJ ya ce zai canza waƙa yadda ranshi ke so wutar za ta tashi inda babu kiɗa. To shi naku wace wuta ya ɗaure? ƙwan fitila biyu ne fa da zaren leda. Lalaci ne kawai.

Kuma kar a haɗa da sync, shi maɓalli ne da ke daidaita gudun waƙa biyu, yana cikin VirtualDJ, manhajar haɗa kiɗa da muke aiki da ita, kamfanin Pioneer ma sun sa shi a na'urarsu ta DJ mai suna CDJ tun 2012. Ni ina dannawa ban jin kunya, zaɓen waƙa da karanta fuskar mutane dai ni ke yi.

Maman_Hanifa:
Ni ƙanena murɗe-murɗen bai dame ni ba, abin da ya ƙona min rai a bikin ɗiyar yayata shi ne na tura yaro ya ce a sa wa amarya waƙar da take so ta shigo da ita, DJ ya ce to, har aka watse shiru. Yanzu na gane dalili! Mai kalangu ko daga nesa ya hango ki zai juya kiɗa ya kama sunan kakanki, shi ya sa hannu ke shiga jaka ba a sani ba. Mu a zamaninmu an yi Milli Vanilli, mawaƙa samari biyu kyawawa, ashe ba muryarsu ba ce, a 1989 faifan ya maƙale suna kan dandali a Amurka yana ta maimaita wuri guda, 1990 aka ƙwace kyautar waƙa ta Grammy da aka ba su.

Abba_Zango:
Hajiya ai su wancan ƙarya suka yi tsagwaronta. Mu nan mawaƙa nawa ne ke zuwa su yi pilebak, wato a sa waƙar da aka naɗa suna bin ta da baki, kowa ya sani kuma a biya tikiti a shiga a yi ihu? ba wanda ya ce an cuce shi tunda ba a ɓoye ba. Abin dariya kuma, mawaƙiya Grimes a bikin kiɗa na Coachella a Amurka a 2024 ita da gaske take haɗawa, waƙoƙin suka riƙa gudu ninki biyu ta rasa yadda za ta yi har ta ba jama'a haƙuri, aka yi ta mata dariya a intanet. Da fayil ta sa da ba wanda ya sani. To ku gaya min DJ ɗin da ya ga haka mi zai yi gobe.

Mai_Sono:
Abba, gara ya yi kuskuren mana, ni na sha yi, na taɓa sako waƙar ta'aziyya ana tsakiyar liƙi, aka yi min ihu na gyara aka ci gaba. Dan_Birni in za ku sake ɗauko wani ku tambaye shi tun wajen ciniki, haɗawa za ka yi a nan ko miks ka kawo? kuɗin ba ɗaya ba ne.

Dan_Birni:
Na gode babban yaya. Na kira shi ɗazu, wai ordinatarshi ce ta lalace tun ranar alhamis shi ya sa. Na ce to murɗe-murɗen fa? sai ya yi dariya ya ce in bai murɗa ba ba a yi mishi liƙi. Ango dai ya ce saura jikka 10 da ya rage ba zai ba shi ba, suna can suna ta yi.