Gudu a sanyin da ya wuce digiri 15 ƙasa da sifili: ku kawo abin da kuka gwada

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Masu fita gudu idan ma'auni ya sauka ƙasa da -15, me kuke sakawa, kuma me ya fi ba da matsala?

Ɗan Asuba: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zufa ce babbar matsala. Wanda ya yi shigar da zai ji ɗumi tun daga bakin ƙofa, kafin minti 15 ya jiƙe sharkaf, kuma ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Ka yi shiga kamar sanyin ya ragu da digiri 10. Idan ka ɗan ji ɗari a mintuna goma na farko, shigarka ta yi daidai. Riga uku sun isa: ta jikin fata ta ulu ko foliyesta mai kama jiki, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, sai ta sama marar nauyi mai tare iska, mai zif da za ka zuge idan ka fara zufa. Auduga kam a bar ta a gida, har singileti da safa, domin tana shan gumi ta riƙe shi a jikinka.

Yaya Babba: Ƙari a kan maganar Ɗan Asuba: a duba iska kafin ma'auni. A -20, iska mai gudun kilomita 30 a awa tana sa fata ta ji kamar -33, kuma a jadawalin hukumar yanayi ta Kanada, tsakanin -28 da -39 fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Shi ya sa ake fara gudu ana fuskantar iska tun jiki na bushe, a dawo tana bayanka. Kuma a riƙa zagaye gajeriyar hanya kusa da wurin fakewa. Targaɗe kilomita shida daga mafaka, da jiƙaƙƙun kaya, ba ƙaramin hatsari ba ne.

Mai Takalmi: Safa mai kauri a takalmin da ya matse ta fi siririya daskarar da yatsu, saboda jini ba ya gudana. A ƙara rabin lamba, a sassauta igiya. Maganin santsi kuwa, a samu gajerun sukuru masu kai kusurwa shida, tsawonsu kusan santimita ɗaya, a ɗaura 8 zuwa 12 a gefen tafin kowane takalmi, kan sukurun yana waje. A kauce wa gurbin iska ko jel na cikin tafin, za a huda shi. A taƙaita taku.

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya: Ƙanina, busasshiyar iska mai sanyi tana matse hanyoyin numfashi, daga nan tari da shessheƙa suke zuwa. Ka rufe baki da hanci da ƙyalle, ka riƙe na biyu a aljihu, don na farko zai jiƙe da numfashi ya ƙandare. Mai asma ya fara ganin likita, kada kuma ya fita babu maganinsa na shaƙa. Ko FIS, hukumar wasannin zamiya a kan dusar ƙanƙara ta duniya, tana ɗage tseren zamiya na dogon zango idan an wuce -20.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yi wa fatar da ta daskare. Idan hanci, kunne ko yatsa ya yi fari, ya yi tauri, ba ka jinsa, don Allah kada a murza, balle da dusar ƙanƙara, kada kuma a kanga shi a wuta ko hita, zai ƙone mutum bai sani ba. A tsoma a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39. Idan akwai yiwuwar ya sake daskarewa a hanya, a bar shi sai an isa asibiti.

Ɗan Asuba: Hajiya, basilin a fuska fa? Da yawa suna shafawa.

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya: Yana rage tsagewar leɓe, amma ba ya hana daskarewa. Yana ma sa mutum ya ji kamar ya kare fuskarsa har ya ƙi rufe ta.

Yaya Babba: Safar hannu mai haɗe yatsu wuri guda ta fi mai rabawa ɗumi. Waya ta zauna a aljihun ciki, don batir yana mutuwa farat ɗaya a sanyi. Gorar ruwa a kifa ta, ƙanƙara daga sama take farawa. Da an shigo a tuɓe jiƙaƙƙun kaya nan take, kafin a tsaya miƙe jiki.