Neman shawara: barin giya ga wanda ba ya bin wani addini

Ɗan Tudun Wada, Jos:
Barkanku da warhaka. Shekara tara ina shan giya, daga burukutu har ta kwalba, kuma yau wata biyu ke nan rabona da ita. Na je wani taron masu fama irina, sai na tarar da addu'a ake buɗewa da rufewa, alhali ni ba na bin kowane addini. Shin zaman zai amfane ni ba tare da na yi munafunci ba?

Maman Hanifa:
Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ƙungiyar masu neman barin giya ta Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, tana ambaton Ubangiji a matakai 12 da take bi na daina sha, amma sharaɗin shigarta ɗaya ne kawai, wato niyyar daina sha. Mijina ya ga waɗanda suka ɗauki haɗin kan 'yan taron a matsayin ƙarfin da ya fi nasu da matakan ke cewa a dogara da shi, kuma suka dore.

Malam na Rayfield:
Akwai SMART Recovery, wadda aka fara a 1994, ba ruwanta da addini, tana koyar da dabarun shawo kan kwaɗayin sha, kuma tana da zama ta intanet. Abin da ya fi taimaka mini shi ne lambar wani ɗan taro da nake kira da magariba, lokacin da ƙafata ta saba nufar mashaya.

Ma'aikaciyar jinya:
Ga masu karatu da ba su daina ba tukuna: wanda ya daɗe yana sha sosai kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai, domin rawar jiki da farfaɗiya na iya biyo baya cikin kwana uku na farko. A fara ganin likita, misali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.